Yawan Ambato da Nauyin Aiki: Yadda Ake Auna Masu Binciken Hanta da Maɗaciya

A shekarar 1973 wasu likitoci biyar na asibitin King's College da ke Landan suka buga maƙala a mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya. Maƙalar tana bayani ne kan wata tiyata da suke yi wa masu ciwon hanta da ya yi nisa, waɗanda jijiyoyin jinin da ke hanyar abinci, tsakanin maƙogwaro da tumbi, suka kumbura suka fashe har suna aman jini. Marasa lafiya 38 kacal aka yi bayaninsu. Yau da wuya ka sami mai yin wannan tiyata, domin an sami hanyar da ta fi ta sauƙi, ana zura kyamara ta baki a ɗaure jijiyar da roba. Duk da haka maƙalar tana cikin waɗanda aka fi ambata a tarihin ilimin hanta. An ambace ta sau dubbai, kuma har gobe ana ambatonta.

Abin da ya ja mata wannan farin jini wani ɗan jadawali ne da ke cikinta. Marubutan, waɗanda sunan Pugh ya zo a farkonsu, sun so su raba marasa lafiyarsu gida uku gwargwadon lalacewar hantarsu. Sai suka ɗauko wani ma'auni da Charles Child da Jeremiah Turcotte na Jami'ar Michigan suka tsara a 1964, suka yi masa kwaskwarima. Abu biyar ake dubawa: yawan sinadarin bilirubin a jini, wanda shi ke kawo shawara, yawan furotin ɗin albumin, saurin daskarewar jini, taruwar ruwa a ciki, da ruɗewar hankali da ciwon hanta ke kawowa. A haɗa maki, a ce wannan rukunin A ne, ko B, ko C. Tun daga lokacin, duk mai binciken da ya raba marasa lafiyarsa ta wannan hanya sai ya ambaci maƙalar 1973, ko da bai taɓa karanta labarin tiyatar ba. Ma'aunin kuma ya shahara da sunan Child da Pugh. Turcotte, wanda da shi aka kafa tushen, sau da yawa sunansa faɗuwa yake yi a bakin mutane.

Na fara da wannan labari ne domin yau idan aka buɗe shafin wani mai bincike a intanet, abin da ido ke fara cin karo da shi lambobi ne: maƙaloli nawa ya buga, sau nawa aka ambace su, nawa ne ma'auninsa na h. Da waɗannan lambobi ake ba mutum farfesa, ake ba shi kuɗin bincike, ake gayyatarsa taro. Ina ganin ya kamata wanda ba likita ba ma ya san abin da suke aunawa, domin a ƙarshe su ke yanke wa wace cuta za a kashe wa kuɗi da ƙwaƙwalwa.

Ambato a nan yana nufin cewa wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka, ya sa sunan maƙalarka a jerin madogarar da ke ƙarshen tasa. Eugene Garfield, wani Ba'amurke, shi ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambato wuri guda a 1955, kuma kundinsa na farko da aka sayar ya fito a 1964 daga cibiyarsa da ke Filadelfiya. Nufinsa na asali shi ne a taimaki mai karatu: idan ka sami maƙala mai amfani, ka ga su wa suka ɗora a kanta daga baya. Daga wannan kundi aka fitar da ma'aunin tasirin mujalla, wanda lissafinsa ba shi da wuya. Ana ƙirga sau nawa aka ambaci abin da mujalla ta buga a shekaru biyu da suka wuce, a raba da yawan maƙalolin da ta buga a shekarun. An yi shi ne domin masu kula da ɗakin karatu su san mujallar da za su saya. Sannu a hankali sai aka mayar da shi sikelin auna mutane.

Ma'aunin h ya zo daga baya, a 2005, daga Jorge Hirsch, masanin fizis a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Idan aka ce ma'aunin mutum 30 ne, ana nufin yana da maƙala 30 da kowacce aka ambata aƙalla sau 30. Hikimar da ke ciki ita ce ba ya barin maƙala ɗaya tilo ta ɗaga mutum sama, ba ya kuma barin tulin maƙalolin da ba wanda ya duba su yi masa amfani. Amma lambar ba ta taɓa raguwa, hawa kawai take yi, saboda haka dattijon da ya daina aiki shekara goma da suka wuce zai iya fin matashin da ke tsakiyar ƙarfinsa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kuma lambar mutum ɗaya takan bambanta daga wannan rumbun ƙidayar ambato na intanet zuwa wancan. Web of Science da Scopus suna tace mujallun da suke ƙirgawa, Google Scholar kuwa yana kwasar kusan komai, har da kundin digiri da takardun taro, shi ya sa lambarsa ta kan fi girma. Idan aka faɗa maka lamba ba a faɗi rumbun da ta fito ba, rabin magana aka yi maka.

A fannin hanta da bututun maɗaciya abin ya fi fitowa fili, domin fanni ne da ya haɗa cututtukan da suka kama ɗaruruwan miliyoyin mutane da waɗanda likita zai yi shekara bai ga biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun kashe mutum kusan miliyan 1.3 a shekarar. Kitsen hanta, wanda ke tafiya da ƙiba da ciwon sukari, ya kama aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na manyan mutanen duniya. Inda marasa lafiya suka yi yawa, kamfanonin magani sukan zuba kuɗi, masu bincike su yi yawa, masu ambaton juna su yi yawa. Matsakaiciyar maƙala a kan kitsen hanta za ta iya tara ambaton da fitacciyar maƙala a kan toshewar bututun maɗaciyar jarirai ba za ta taɓa samu ba, don kawai masu rubutu a can sun ninka na nan.

Labarin jariran nan shi ya fi tsaya mini a rai. Akwai jaririn da ake haifa bututun da ke fitar da ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji ya toshe ko ya lalace. A Turai abin yakan sami kusan jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000, a gabashin Asiya ya fi haka yawa. Shawara ta kama yaron ta ƙi tafiya, kashinsa ya yi fari, hantar ta yi ta taurara, kuma idan ba a yi komai ba da wuya ya wuce shekara biyu. Morio Kasai, likitan fiɗa a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan, ya gano cewa idan aka yanke tabon da ke ƙofar hanta aka ɗinke hanji kai tsaye a wurin, ruwan maɗaciya zai iya tsiyaya ta ƙananan hanyoyin da ido ba ya gani. Ya buga sakamakonsa a 1959, da harshen Japananci. Sai a 1968 bayanin ya fito da Turanci, kuma ko a lokacin likitocin Amurka da Turai sun daɗe suna tababa. A tsawon shekarun nan, da an auna Kasai da ƙidayar ambato, da an ce ba abin da ya tsinana. Jarirai kuwa suna ta mutuwa a ƙasashen da ba a karanta Japananci. Yau tiyatar da sunansa ake kiranta a duk duniya.

Kusan haka ya faru da cire maɗaciya ta ƙananan huji, ba tare da an tsaga ciki ba. Carl Langenbuch ne ya fara cire maɗaciya a Berlin a 1882, kuma sama da shekara 100 ana yin aikin da babban yanka. A watan Satumban 1985 Erich Mühe, likita a wani asibitin garin Böblingen a Jamus, ya cire ta da na'urar leƙa ciki da ya ƙera. Da ya kai labarin gaban ƙungiyar likitocin fiɗa ta ƙasarsa a 1986, ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1987 Philippe Mouret ya yi irin aikin a Lyon ta Faransa, shi kuma bai damu da rubutu ba, wasu ne suka gani suka koya suka rubuta. Cikin 'yan shekaru hanyar ta mamaye duniya, ta zama ɗaya daga cikin tiyatar da aka fi yi. Sai a 1999 ƙungiyar likitocin Amurka masu irin wannan tiyata ta amince a bainar jama'a cewa Mühe ne na farko. Dabarar hannu tana yaɗuwa ne a ɗakin tiyata, daga wanda ya iya zuwa wanda ke kallo, kuma wannan hanya ba ta barin sawu a rumbun ambato.

Akwai kuma aikin da yake ɓacewa saboda ya karɓu sosai. Claude Couinaud, Bafaranshe, ya yi shekaru yana zuba roba a jijiyoyin hantar gawa yana nazarin rassansu, ya nuna a 1957 cewa hanta ta kasu yanki takwas, kowane da jijiyar jininsa da bututunsa. Da wannan taswira ake yanke ɓangaren hanta mai ciwon daji a bar mai lafiya, da ita ake yanko wani sashe na hantar uwa a dasa wa ɗanta. Kullum likitocin hoto suna rubuta "yanki na 6" ko "yanki na 4" a rahotonsu, kuma ba wanda yake jin sai ya ambaci Couinaud. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura da wannan: idan ilimi ya zama na kowa, sai a manta da mai shi. Shi ne kuma ya nuna a 1968 cewa wanda ya riga ya yi suna ya fi samun yabo a kan aiki iri ɗaya da na wanda ba a sani ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai rubutu yakan ambaci maƙalar da ya ga kowa na ambata, ita kuma ta ƙara hawa saman jerin da injin bincike ke nunawa, na gaba ya sake ganinta da farko.

To wace irin maƙala ce ke tara ambato? Idan ka duba jerin waɗanda suka fi yawa a wannan fanni, ma'aunai da ƙa'idojin aiki ne suka cika shi. Akwai ma'aunin MELD, mai auna tsananin ciwon hanta, da ya fito daga asibitin Mayo a 2000, wanda Amurka ta fara amfani da shi a 2002 wajen yanke wa zai fara samun dashen hanta. Akwai tsarin Clavien da Dindo na 2004 daga Zurich na rarraba matsalolin da ke biyo bayan tiyata. Akwai ƙa'idojin Tokyo na kula da kumburin maɗaciya da bututunta, da suka fito a 2007 aka sabunta a 2013 da 2018, da ƙa'idojin da manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka ke fitarwa. Waɗannan ayyuka ne masu amfani ƙwarai, ba na raina su. MELD ya sa ana duba tsananin ciwon mutum maimakon daɗewarsa a layi, kuma wannan ya ceci rayuka. Sai dai kayan aiki ne da dole kowane marubuci ya ambata, kamar yadda magini ba ya rabuwa da ma'auninsa. Wanda ya zauna a kwamitin rubuta ƙa'ida guda uku ko huɗu zai iya tara ambaton da ya fi na wanda ya gano sabon abu, alhali aikin kwamitin tattara binciken wasu ne.

Nan ne maganar sunaye ke shigowa. Maƙalar gwajin magani a yau tana iya ɗaukar sunan mutum 30 ko fiye, wasu manyan ayyukan haɗin gwiwa kuma ɗaruruwa. Rumbun ƙidaya yana ba kowannensu cikakken ambato, da wanda ya tsara binciken da wanda ya turo bayanan marasa lafiya biyar. A al'adar likitanci sunan farko na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na jagora, amma ma'aunin h bai san wannan bambanci ba. A 2018 John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Nature cewa sun sami fiye da mutum 9,000 da suka taɓa buga sama da maƙala 72 a shekara guda, wato ɗaya duk kwana biyar. Akasarinsu masana fizis ne masu aiki cikin manyan tawagogi, amma akwai likitoci a ciki. Mutumin da ke duba marasa lafiya, yana koyarwa, yana shugabantar sashe, yaushe ya karanta maƙala duk kwana biyar, balle ya rubuta ta?

Wani lokaci kuma akasin haka ne ke faruwa, a tattara aikin mutane da yawa a ɗora wa ɗaya. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in C an gano ta ne a 1989 a kamfanin Chiron, bayan kusan shekara bakwai ana gwadawa ana faɗuwa. Michael Houghton ne jagoran tawagar, amma sunan Qui-Lim Choo ne na farko a maƙalar da ta fito a mujallar Science, George Kuo kuma na farko a ta biyun da ta kawo gwajin jini. A 2013 aka ba Houghton lambar yabo ta Gairdner ta Kanada, ya ƙi karɓa saboda ba a haɗa da su biyun ba. A 2020 ya karɓi kyautar Nobel tare da Harvey Alter da Charles Rice, kuma dokar kyautar ba ta yarda a wuce mutum uku ba. Wannan ƙin karɓa na 2013 yana burge ni, domin mutumin da ya san yadda aka yi aikin ne yake faɗa wa duniya cewa lissafinta bai cika ba. Ku lura kuma da shekarun nan bakwai da ba a sami abin bugawa ba. Tsarin da ke neman maƙala kowace shekara kafin ya sabunta wa mutum kuɗi ba zai yi haƙurin irin wannan aiki ba.

Bincike mai dogon zango ma haka yake shan wahala. Palmer Beasley ya bi sawun maza 22,707 a Taiwan, ya nuna a 1981 cewa masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B sun fi sauran shiga haɗarin sankarar hanta da ninki fiye da 200. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, amma sai a 1997 aka buga shaidar cewa sankarar hanta ta ragu a tsakanin yara. A Gambiya an fara irin wannan nazari a 1986, da sanin cewa sai an jira shekaru 30 ko fiye kafin a ga amsa. Ma'aunin tasirin mujalla shekara biyu kawai yake dubawa.

Kada a fahimce ni da cewa lambobin banza ne. Thomas Starzl ya yi yunƙurin dashen hanta na farko a Denver a 1963, a kan wani yaro mai irin toshewar bututun da Kasai ke yaƙi da ita, yaron ya rasu a kan teburin tiyata saboda zubar jini. Sai a 1967 ya sami wata yarinya da ta rayu fiye da shekara guda bayan dashen. Ya koma Pittsburgh a 1981, ya ci gaba da rubuta duk abin da ya gani, nasara da rashinta, har maƙalolinsa suka haura 2,000, kuma a 1999 cibiyar Garfield ta bayyana shi a matsayin wanda aka fi ambata a fannin likitancin asibiti. A wurinsa lamba da gaskiya sun haɗu. Haka maƙalar Vincenzo Mazzaferro ta 1996 daga Milan, wadda da marasa lafiya 48 ta nuna wane mai sankarar hanta ne dashe zai amfana: an ambace ta da yawa, ta kuma sauya aikin asibitoci da gaske. Mutumin da ya yi shekara 20 yana bugawa ba wanda ya kafa hujja da shi, akwai dalilin tambaya. Ƙidaya kuma tana da wani alheri da ba a cika faɗa ba: tana iya kare wanda ba shi da uban gida, domin kwamitin da ke son danne shi ba zai iya goge shaidar cewa duniya na amfani da aikinsa ba.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki lamba a matsayin hukunci. Daga nan mutane ke koyon yi mata wayo. Bincike ɗaya a yanka shi gida huɗu a buga. Mutum ya yi ta ambaton kansa, ko abokai su yi yarjejeniya, ka ambace ni in ambace ka. Edita ya matsa wa marubuci ya ƙara maƙalolin mujallarsa a madogara, abin da ya sa kamfanin Clarivate, mai fitar da ma'aunin tasiri a yanzu, yakan dakatar da wasu mujallu. Injin ƙidaya ba ya kuma bambance wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata, kuma maƙalar da aka janye saboda kuskure ko maguɗi takan ci gaba da samun ambato shekaru bayan janyewar. Wannan ne ya sa wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco a 2012 suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, suna kira da a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki. Dubban cibiyoyi sun sa hannu. Sauya ɗabi'ar kwamitoci ya fi sa hannu wuya, domin duba lamba minti ɗaya ne, karanta maƙala biyar kuwa yini guda.

Ni dai idan aka ba ni shafin mai binciken hanta, nakan tsallake jimillar da ke sama in gangara zuwa maƙaloli goma da suka fi tara ambato. Ina so in ga nawa ne sabon bincike, nawa ne ƙa'idar kwamiti ko bitar aikin wasu, kuma ina sunansa ya faɗo a jerin. Ina so in ga ko akwai tambaya ɗaya da ya rungume shekara da shekaru, ko kuwa yana bin duk inda iska ta kaɗa. Sannan in kwatanta shi da tsaransa masu aiki a kan cuta iri ɗaya. Mai nazarin sankarar bututun maɗaciya a Khon Kaen ta arewa maso gabashin Tailan, inda tsutsar hanta ta sa cutar ta yi yawan da babu irinsa a duniya, ba a auna shi da mai gwajin maganin kitsen hanta a Boston. Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi wuyar amsawa daga shafin intanet: akwai abin da likita ke yi wa mara lafiya yau wanda da ba don aikin mutumin nan ba da ba a yin sa?

Ga misalin irin wannan aiki: tiyatar Kasai ta fi yin nasara idan aka yi ta kafin jariri ya cika kwana 60, amma sau da yawa ana makara, domin shawara ta zama ruwan dare ga jarirai, iyaye da ma'aikatan lafiya sukan ɗauka za ta wuce. Likitocin yara a Japan suka tsara wani ɗan kati mai hotunan launin kashin jariri, daga mai lafiya zuwa farin da ke nuna haɗari. Taiwan ta fara raba irinsa a duk faɗin ƙasar a 2004, a cikin littafin lafiyar da ake ba kowane jariri. Uwa ta duba ƙyallen ɗanta, ta duba katin, idan launin ya yi kama da na haɗari ta garzaya asibiti. Bayan an fara, adadin jariran da ake yi wa tiyatar kafin kwana 60 ya ƙaru, waɗanda ke rayuwa da hantarsu ta haihuwa ba tare da shawara ba su ma suka ƙaru.